Koiloba: Sai Na Kwance Ta Kafin In Ɗaga Motar?

Mai Jar Mota: Assalamu alaikum 'yan zaure. Shawarar manya nake nema. Motar da na saya da koiloba (shok da sifirin a haɗe, mai zobban saita tsayin mota) na same ta a ƙafa huɗu, kuma wanda ya riƙe ta kafin ni ya kwantar da ita ƙasa sosai. Duk tudun rage gudu sai ta goga ciki, ramin da bai taka kara ya karya ba sai ka ji shi har cikin haƙoranka. Ga kuma wata ƙara ƙwal-ƙwal a gaba idan taya ta faɗa rami. So nake in ɗaga ta kamar milimita 20 zuwa 25. Sai na cire koilobar daga jikin motar, ko ana saitawa tana nan? Sifanonin nan biyu masu ƙugiya suna cikin but.

Ɗan Ƙasa-Ƙasa: Wa alaikumus salam. Haba yaya, mota ta yi kyau kuma za ka ɓata ta? Koyi hawa tudu a karkace kawai. Amma idan ka matsa, ba abin da za ka cire. Murɗe sitiyari, zura hannu, juya zoben da ke ƙarƙashin sifirin ya hau sama, shi ke nan.

Baban Gareji: Yaro, mota tana ƙasa da nauyinta za a juya zobe? Kilo ɗari uku da wani abu ne zaune a kan zoben nan. Ko sifana ta kuɓuce ta fasa masa yatsu, ko ya cinye tiredin, wato haƙoran jikin shok da zoben ke murɗuwa a kai. Mai Jar Mota, kada ka taɓa komai tukuna. Ɗaga gaban, cire taya, ka ƙirga mini zobba nawa ne a jikin shok ɗin.

Mai Jar Mota: To Baba. Ina zuwa.

Mai Jar Mota: Uku ne. Biyu a manne da juna ƙarƙashin sifirin, ɗaya kuma can ƙasa, a bakin kofin da aka ɗaure da hob, wato ƙarfen da taya ke zama a kai. Wani abu kuma: da motar ta tashi, sifirin ɗin lilo yake yi. Da hannu nake ɗaga shi sama da ƙasa, akwai sarari kamar kaurin yatsa.

Baban Gareji: Ga ƙwal-ƙwal ɗinka nan. Wanda ya sauke motar, da zoben da bai kamata ba ne ya sauke ta.

Injiniya: Baba ya gama magana, amma bari in shimfiɗa don masu karatu a ɓoye. Koiloba iri biyu ce. Akwai wadda tsawon jikinta ba ya canzawa, mazaunin sifirin kaɗai ake hawa da sauka da shi. Koilobar kamfanin KW, V1 zuwa V3, da ta Bilstein, B14 da B16, haka suke, kuma haka aka ƙera su, da iyakar da kamfani ya rubuta. A Jamus ma takardar TÜV, masu gwajin lafiyar motoci, da ke zuwa da su tana faɗin inda zoben zai iya kaiwa, wanda ya wuce nan ya fita daga izini. Irin waɗannan da yawa suna da ɗan ƙaramin sifirin mai laushi da ke cike sararin don babban kada ya yi lilo.

Iri na biyu shi ne naka, mai zobba uku, kamar BC Racing BR ko Tein Flex Z. A nan an raba aiki biyu. Zobban sama na riƙe sifirin ne. Tsayin mota kuwa daga ƙasa ake nemansa, wato ka shigar da jikin shok ɗin cikin kofi ko ka fito da shi. Amfanin haka shi ne ko ka sauke motar, tafiyar shok ɗin tana nan yadda take.

Ɗan Ƙasa-Ƙasa: Injiniya, sauka dai sauka ce. Ko ta sama ko ta ƙasa, motar ta kwanta. Kuma ni na san idan ka sassauta sifirin mota tana yin laushi, idan ka matse ta yi tauri. Kowa ya san wannan.

Injiniya: Ƙanina, kowa yana faɗa, amma ba haka ba ne. Ɗauki biro. Mu ce sifirin ɗin kilo 8 ne a kowace milimita, wato sai ka ɗora masa kilo 8 yake nutsewa milimita 1. Mu ce kusurwar tana ɗauke da kilo 360. Zai nutse milimita 45. Idan ka matse shi milimita 5 tun kafin a sauke mota, ka riga ka ba shi kilo 40, saura 320, don haka shok ɗin zai nutse milimita 40 kawai, motar ta tsaya sama da milimita 5. Sifirin ɗin fa? Har yanzu milimita 45 ya matsu, kuma milimita ta gaba har yanzu kilo 8 take nema. Taurinsa bai motsa ba. Abin da ya motsa shi ne wurin da fistin ɗin shok yake zaune a cikin hanyarsa.

Yanzu juya lissafin. Mu ɗauka duka tafiyar shok ɗin milimita 110 ce. Da saiti mai kyau an ci 40, saura 70 na haɗiye rami. Wani ya zo ya saukar da zobe har sifirin ya bar sarari milimita 20. Sai shok ya nutse 20 a banza, sannan 45 na nauyi, 65 ke nan. Saura 45, kuma a cikin 45 ɗin nan akwai robar tsayawa da ke kan sandar shok, wadda ita kanta ta ci wani kaso. Shi ya sa motar Mai Jar Mota take dukansa. Sifirin a sake yake, amma a kan roba motar take tafiya.

Ɗan Ƙasa-Ƙasa: To me ya sa da na matse nawa na ji ta yi tauri?

Injiniya: Nawa ka matse?

Ɗan Ƙasa-Ƙasa: Da yawa dai. Sai da hannuna ya gaji.

Injiniya: Ka kashe mata tafiyar miƙewa ke nan. Taya ba ta da sauran hanyar bin rami zuwa ƙasa, shok yana kaiwa ƙarshensa yana fizgar jikin mota. Za ka ji kamar tauri ne. Sai dai in sifirin ɗinka irin mai zagaye marar daidaito ne, wanda taurinsa ke ƙaruwa yana nutsewa, wannan lissafinsa daban.

Direban Dare: Ni dai ina gefe ina shan karatu. Amma tambayar bawan Allah ba a amsa ba: a cire ko kada a cire?

Baban Gareji: Idan tiredi yana da lafiya, ba a cirewa. Ga yadda nake yi.

Kafin jak ya taɓa motar, auna ta. Fili mai daidai, iskar tayoyi daidai, but babu kaya. Daga tsakiyar wili zuwa bakin madigadi za ka auna, ba daga ƙasa ba, don taya tana yaudara: wata ta ci, wata iskarta ta ragu. Rubuta kusurwa huɗun a takarda. Manna ɗan salatif a madigadin inda ka sa tef, don gobe ka koma wuri ɗaya.

Sannan ɗaga gaban duka biyu, ka zaunar da ita a kan matokaran ƙarfe, ka sa wa tayoyin baya waigi. Jak na ɗagawa ne, ba na riƙewa ba. Kuma dalilin ɗaga gefe biyu shi ne sandar sitabilaiza, wadda ta haɗa ƙafar hagu da ta dama: in gefe ɗaya ne a sama, tana murɗe, tana jan ƙafar da kake aiki a kai zuwa sama.

Wanke tiredin da buroshi har ka ga haƙoransa tas, ka fesa man sassauta tsatsa. Fara da sifirin: hau da zoben sama da hannu har sifirin ya daina motsi, kawo na biyu ya taɓa shi, sannan ƙara hawa da na saman gwargwadon abin da littafin koilobar ya ce. A irin waɗannan yawanci milimita 4 zuwa 5 ne, kusan kaurin sifanar kanta. Kulle su da juna. Daga nan kada ka sake raba su.

Tsayi kuma: sassauta zoben ƙasa, ka juya jikin shok ɗin gaba ɗaya. Sa sifana a kan zoben da juyin zai ƙara matse shi da ɗan'uwansa, in ba haka ba za ka buɗe kullen da ka yi yanzu. Auna tazarar da ke tsakanin zoben kulle na sama da na ƙasa, ka tabbata hagu da dama ɗaya ne.

Mai Jar Mota: Allah ya ƙara girma Baba. Awon farko: gaba 325 hagu, 327 dama. Baya 330 da 331. Ina son duka su zo wajen 350.

Anti Mai Tsere: Ƙanina, shawara ɗaya kafin ka taɓa zoben ƙasa. Gyara sifirin ɗin kawai, ka mayar da tayoyi, ka sauke ta ka sake aunawa. Ina zargin tsayin da kake nema yana cikin sararin nan da ka ce yatsa na shiga.

Baban Gareji: Hajiya ta fi ni gaskiya a nan.

Mai Jar Mota: Ikon Allah. Na rufe sararin, na ƙara matsi milimita 5, na sauke. Da farko 356 na gani, har na ce ta wuce. Sai na tuna an taɓa cewa a tura ta gaba da baya. Na zaga da ita layi na dawo: 345 da 346. Ƙwal-ƙwal ta tafi.

Anti Mai Tsere: Yawwa. Mota in ta sauka daga jak tayoyinta suna cije da ƙasa a tsuke, sai ta gangara suke bajewa. Awon da aka yi ba a motsa ta ba ƙarya ne. Saura milimita 4 ko 5, wannan ka nemo shi daga kofin ƙasa.

Mai Jar Mota: Gaba ya zauna a 350 da 351. Amma baya ya ƙi. Zoben ƙasa na hagu ko motsi, na taka sifanar har ƙugiyarta ta fara cin zoben. Wani maƙwabcina ya ce in kawo kurfi da guduma, ko a ɗan gasa shi da wuta.

Baban Gareji: Wuta?! Ka ce wa maƙwabcin nan ya koma gida. Cikin shok mai ne da iskar naitirojin a matse. Zafi zai ƙona robobin cikinsa, in abin ya zo da tsautsayi ya fashe a fuskarka. Kurfi kuma zai farfasa zoben, don alminiyom ne. Garin neman gira kada a rasa ido. Wannan ita ce gaɓar da ake cirewa.

Direban Dare: Me ke sa su kamewa haka ne Baba? Tawa ma na lura ta yi fari-fari a wurin.

Injiniya: Zoben alminiyom ne, jikin shok kuma ƙarfe. In ruwa ya shiga tsakanin ƙarafa biyu mabambanta, ɗaya yana cin ɗaya, farin garin da ka gani ke nan. A ƙasashen da ake zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara abin ya fi muni, shi ya sa KW suke yin jikin da bakin ƙarfe marar tsatsa, zoben kuma da roba mai tauri. Ƙura da yashi ma suna cika tiredi su yi aikin kulle.

Baban Gareji: Cirewar baya ba wuya. Bayan duka a kan matokarai. Sa jak a ƙarƙashin hannun ƙasa ya ɗan tallafe shi. Duba ko akwai tiyon birki ko wayar ABS da aka maƙala a jikin shok, ka sake su tukuna. Kwance bolti na ƙasa, in ya cije ka ɗan ɗaga jak ko ka sauke har ka ji ya saki, kada ka doke shi ta kan tiredi. Sannan notunan sama ta cikin but, ka bar ɗaya a kai har sai hannunka ya riƙe shok ɗin.

Notin tsakiya, wanda ke kan sandar shok, ba ruwanka da shi. A koiloba mai ɗan matsi ba zai yi harbi sosai ba, amma masu shok na asali su ji da kyau: sifirin ɗin kamfani a matse yake da ƙarfi, wanda ya buɗe notin nan ba tare da abin matse sifirin ba yana wasa da ransa. Kuma sandar nan mai sheƙi ba a kama ta da filaya. Ƙarzane ɗaya ya isa ya yanka roba, mai ya fara tsiyaya.

In ta fito, kama kofin ƙasa a bais da katako a tsakani. Kofin, ba bututun shok ba. Jiƙa zoben da man sassautawa ya kwana, ka ɗan bubbuga gefensa da gudumar roba, ka gwada matsewa kaɗan kafin sassautawa. In ya saki, fito da kofin gaba ɗaya ka wanke, ka shafa man hana kamewa siriri.

Sabon Shiga: Gafara dai manya. Na gaba ma haka ake cirewa?

Baban Gareji: Kusan haka, da ƙari biyu. Kwance linkejin sitabilaiza in a jikin shok yake. Kuma da ka zare boltoci biyun da ke riƙe hob, hob ɗin zai faɗo waje. Ɗaure shi da waya, in ba haka ba nauyinsa zai rataya a tiyon birki, ko shaf ɗin da ke juya taya ya zare daga mazauninsa na ciki, aikin awa ɗaya ya zama na yini. Yi wa boltocin alama da fenti kafin ka kwance, don a wasu motocin da su ake saita kamba, wato karkatar saman taya ciki ko waje.

Mai Jar Mota: Alhamdu lillahi, ya saki da safe. Na fito da kofin milimita 20 a kowane gefe tunda 20 nake nema. Na ɗaura, na zaga, na auna: 358 da 359. Ina na kauce?

Injiniya: Ba ka kauce ba, ƙirar ƙafar ce. A gaba shok ɗinka a jikin hob yake, kusan duk abin da ka ƙara shi taya ke gani. A baya kuwa a tsakiyar hannun ƙasa aka ɗaure shi, can ciki da taya, don haka ƙaramin motsi a shok babba ne a bakin taya. Kai da kanka ka auno rabon: ka ba da 20 ka samu 28, wato kowace milimita 1 tana ba ka 1.4. Kana son rage 8, raba da 1.4, ka mayar da kofin milimita 6. Yanzu da tiredi ya wanku ba sai ka cire ba.

Anti Mai Tsere: Kuma tunda fito da kofi kake yi, duba nawa ya rage a ciki. Littafin yana faɗin mafi ƙarancin tiredin da dole ya zauna cikin kofi. Na gaba ya fi buƙatar tiredi da yawa a ciki, don shi ba nauyi kaɗai yake ɗauka ba, har da turin gefe na kwana da na birki. Wanda yake neman tsayin da ya fi na asali da koilobar saukewa, a nan yake karya ta.

Mai Jar Mota: Na duba Anti, da saura sosai. Yanzu gaba 350 da 351, baya 350 da 353. Ukun nan na bayan dama yana damuna. In sauke shi shi kaɗai?

Ɗan Ƙasa-Ƙasa: Sauke mana. Mota ta zama daidai ko'ina, ai shi ne amfanin koiloba.

Anti Mai Tsere: A'a. Tebur mai ƙafa huɗu ne: ka rage ƙafa ɗaya, ita da wadda ke kallonta a kusurwar nesa su yi sauƙi, sauran biyun su ɗauki nauyin. Ka sauke bayan dama, ka rage wa gaban hagu nauyi, ka ƙara wa gaban dama da bayan hagu. Tef zai nuna maka lambobi masu kyau, mota kuma ta riƙa shan kwanar hagu daban da ta dama. Mu a filin tsere sikeli huɗu muke sawa, direba a ciki, a kwance linkejin sitabilaiza, a nemi gaban dama da bayan hagu su ɗauki kashi 50 cikin 100 na nauyin. Kai da ba ka da sikeli, bar tsawon hagu da dama iri ɗaya. Zauna a kujerar direba wani ya auna maka ma ka gani, lambobin za su sauya.

Baban Gareji: Madigadin kansa ba a rantse da shi ba. Motar da ta taɓa ganin mai gyaran jiki, milimita 3 ba komai ba ne.

Ɗan Ƙasa-Ƙasa: Ni fa har yanzu ban yarda an kyauta wa motar nan ba. Mota in ta yi ƙasa ta fi riƙe hanya, shi ya sa motocin tsere suke shafar ƙasa.

Injiniya: Zuwa wani matsayi, gaskiyarka, nauyi ya matso ƙasa. Amma motar tsere an zana ƙafarta ne don wannan tsayin. Taka an zana ta don wani. Leƙa hannun ƙasa na gaba a motarka: in bakinsa na wajen taya ya fi na ciki tsayi, ka wuce gona da iri. A nan mota tana ƙara son kwantawa a kwana duk da ta yi ƙasa, tayarod ya karkace har rami ya riƙa juya maka sitiyari, shaf yana aiki a lanƙwashe. Sai a rufe matsalar da sifirin mai tauri, a ce mota ta zama ta tsere.

Ɗan Ƙasa-Ƙasa: Ni don ido na yi, ban ce zan ci kofi ba.

Anti Mai Tsere: Wannan amsar na yarda da ita. Faɗi haka tun farko, ba wanda zai ja da kai.

Shugaban Zaure: Jama'a a bar Ɗan Ƙasa-Ƙasa ya sha iska. Baba, akwai abin da ya rage wa mai tambaya?

Baban Gareji: Akwai, kuma shi aka fi mantawa. Duk boltin da ya ratsa bushin roba, da nauyin mota a kansa ake ɗaure shi, ba tana rataye ba. Robar a manne take, murɗawa take yi. Tunda ka canza tsayi milimita 20 zuwa 25, bushin hannuwan ƙafar suna zaune a murɗe yanzu. Sassauta su, motar ta zauna a kan tayoyinta ko ka ɗaga hannun da jak har ya ɗauki nauyi, sannan ka ɗaure da sifanar awon ɗauri gwargwadon littafin motar. Har da boltin ƙasa na shok ɗin baya da ka cire.

Sai alaimen. Ba zaɓi ba ne. Tsayi in ya canza, kamba ya canza, hancin tayoyin ma ya buɗe ko ya tsuke, kuma wannan na biyun shi ke cinye taya cikin ɗan lokaci. Amma ka ɗan yi yawo da ita tukuna, ka sake aunawa, ka tabbata tsayin da kake so ke nan, don kada ka yi alaimen sau biyu. Ka sake bin zobban kulle da sifana bayan tafiyar farko. Ka haska fitilunka a bango ma, wataƙila sun canza kallo.

Sabon Shiga: To ɗan maɓallin nan na saman shok mai ƙas-ƙas, shi ba ya ɗaga mota?

Injiniya: Ko milimita ɗaya. Shi saurin motsin shok yake ragewa ko ƙarawa ta hanyar tsuke wa mai hanya. Mai Jar Mota, kai ma ka duba naka: murɗa kowanne zuwa ƙarshen tauri a hankali, kada ka tilasta, sannan ka ƙirgo baya adadi ɗaya hagu da dama. Fara daga tsakiya.

Mai Jar Mota: Na duba yanzu. Gaban hagu yana kan 6 daga ƙarshe, gaban dama yana kan 19. Na baya kuma sai na cire shimfiɗar but kafin in kai gare su.

Direban Dare: Baba, tawa bayanta sifirin daban yake, shok daban. Ta wane zoben zan fara?

Baban Gareji: Ta na sifirin, shi ke ba da tsayi a irin taka. In ka gama, sai ka daidaita tsawon shok ɗin yadda in ƙafar ta rataya sifirin ba zai bar mazauninsa ba. Turo hoton ƙafar tana rataye in gani kafin ka sa sifana.